Yadda ake fitar da kosin (cosine) na lamba mai ɓangare biyu (complex number) a harshen kwamfuta na C

Da farko, saka `#include <complex.h>` a saman fayil ɗinka, tare da `stdio.h`. Tun ƙa'idar C99, wato ƙa'idar harshen C ta 1999, aka shigo da `complex.h`.

Sai ka kafa lambar, mai ɓangaren gaske (1.0) da ɓangaren zato (2.0): `double complex z = 1.0 + 2.0*I;`. Babban harafin I shi ke tsaya wa ɓangaren zato, don haka kada ka sa wa wani abu wannan suna.

Yanzu kira `ccos(z)`, da c biyu. Nan ake yawan zamewa: in ka rubuta `cos` kawai, ɓangaren zato ya tafi ke nan.

`printf` ba ta san irin wannan lamba ba. Raba amsar da `creal` (ɓangaren gaske) da `cimag` (ɓangaren zato), ka buga kowanne da `%f`.

Harhaɗa da `gcc misali.c -lm`. In ka gudanar da shirin, ya kamata ka ga 2.0327 da -3.0519, ko kusa da haka.