Yadda Ake Lissafa Lodin Da Ya Fi Riba Kafin Mota Ta Taso Zuwa Mile 12

Duk wanda ya zauna da 'yan kasuwarmu a Mile 12, kasuwar kayan abinci da ke Legas, ya san abin da ke hana su barci: jari a ƙidaye, gurbi a mota a ƙidaye, to me za a loda daga Arewa? Yawanci da ka ake yanke shawara, ko a bi sahun maƙwabci. Abin yana damuna, domin akwai fannin lissafi da aka gina saboda irin wannan matsalar, ana ce masa liniya firogiramin. Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya aza harsashinsa a 1939, George Dantzig kuma ya fito da hanyar warware shi a Amurka a 1947. Wanda ya gama sakandare zai iya koyonsa.

Da farko ɗauko takarda ka rubuta abu ɗaya da kake nema. A nan riba ce.

Sai ka rubuta abin da ya ɗaure maka hannu. Mu ƙaddara jarinka naira 1,200,000 ne, direba ya ba ka gurbin buhu 50. Buhun albasa yana iso maka a 30,000 har da kuɗin mota da na 'yan dako, ribarsa 6,000. Na barkono 20,000, ribarsa 5,000. Misali ne kawai, kai ka sa farashin ranar, kuma kada ka ɓoye wa takarda komai, ko la'adar dillali ce.

Mataki na uku shi ne inda daɗin yake. Ba sai ka gwada kowane haɗi ba, amsar tana kan iyaka, wato inda kuɗi ko gurbi ya ƙare. Albasa zalla: jarin zai tsaya a buhu 40, riba 240,000, gurbi 10 ya taho wayam. Barkono zalla: buhu 50, riba 250,000, amma 200,000 na kwance a aljihu ba aiki. Yanzu nemi inda kuɗi da gurbi za su ƙare tare. Duk buhun barkonon da ka musanya da albasa zai ci ƙarin 10,000, ke nan ragowar 200,000 ɗin nan za ta musanya buhu 20. Albasa 20, barkono 30, riba 270,000. Mota ɗaya, jari ɗaya, ga ƙarin 20,000.

Daga nan tambayi takardar: gurbi ɗaya nawa yake a wurina? Da buhu 51 aka ba ka, lissafin zai koma albasa 18, barkono 33, riba 273,000. Saboda haka in direba ya nemi fiye da 3,000 a kan kuɗin da aka saba don ya matsa maka buhu ɗaya, ka ce Allah ya ba da kasuwa.

Idan kaya sun kai kala biyar ko shida, takarda ba za ta ɗauka ba. Buɗe manhajar Excel a kwamfuta, ka kunna Solver, wato sashenta da ke warware irin wannan lissafi, ka zuba farashi da iyakoki, ka umarce shi ya ba ka buhu cikakke ba rabi ba. Tumatir kuwa, cire abin da zai ruɓe a hanya kafin ka rubuta ribar kwando. Kuma duk lokacin da waya ta shigo cewa farashi ya motsa a Legas, sake lissafin kafin a fara lodi.