Darasi na Bakwai: Idan Imel ɗin Kyauta Ya Koma na Kuɗi

A darussan baya mun koyi buɗe imel, da aika saƙo, da maƙala hoto ko takarda a jikinsa. Tun daga lokacin akwai tambayar da 'yan aji ke yawan yi: "Malam, wannan abin da ake ba mu kyauta, ba za a wayi gari a ce mu biya ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce an taɓa yi. Za mu karanta yadda abin ya faru, mu yi ɗan lissafi, sannan kowa ya ɗauko wayarsa mu yi aiki.

Ku fara riƙe kalmomi uku. Asusu shi ne rajistar da ka yi da kamfani, wadda kake shiga da adireshinka da kalmar sirri. Gigabait mudu ne na awon wurin ajiya a kwamfuta ko waya. Biyan wata-wata kuwa shi ne kuɗin da ake cirewa kowane wata, muddin kana son ci gaba da amfani da abu.

Abin da ya faru

Kamfanin Google na ƙasar Amurka ya fito da Gmail ranar 1 ga Afrilu, 2004. Ya ba kowa gigabait 1 na ajiya, wanda a lokacin ya ninka abin da sauran kamfanoni ke bayarwa sau da yawa. A 2006 sai ya ƙara wani tsari mai suna Google Apps. A wannan tsari mutum zai iya samun adireshin da ke ƙarewa da sunan kamfaninsa, ko ƙungiyarsa, ko zuriyarsa, maimakon gmail.com. Tare da imel ɗin akwai kalanda, daga baya kuma aka haɗa da manhajar rubutu da ta lissafi. Duk kyauta.

Ƙananan 'yan kasuwa suka rungume shi, haka ma iyalai. Uba zai buɗe wa matarsa da 'ya'yansa adireshi, kowa da nasa, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. Sai aka fara rage yawan mutanen da sabon mai rajista zai iya sakawa: ya koma 50, a 2011 ya koma 10. A Disambar 2012 aka rufe ƙofar kyautar ga sababbin shiga, amma aka bar tsofaffi su ci gaba. Sunan ma ya yi ta canzawa, ya zama G Suite a 2016, ya zama Google Workspace a 2020.

A Janairun 2022 sanarwa ta fito cewa tsofaffin ma sai su koma biya. Mafi arhar tsari a lokacin dala 6 ne ga kowane mutum a kowane wata. Wanda bai koma ba za a dakatar da asusunsa, bayan kwana 60 kuma ba zai iya shiga imel da kalandarsa ba. Ku yi tunanin halin da mutane suka shiga. Wasu sun yi shekara 15 da adireshi ɗaya. Da shi bankinsu ya san su, da shi abokan ciniki ke nemansu, a cikinsa hotunan 'ya'yansu suke tun suna jarirai. Akwai waɗanda suka sayi manhajoji da littattafai da wannan asusu, suna tsoron kada kuɗinsu ya bi ruwa. Ƙorafi ya yi yawa. Kamfanin ya ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya, kuma a Mayun 2022 ya sassauta: wanda ke amfani da asusun don kansa da iyalinsa, ba don kasuwanci ba, zai iya ci gaba kyauta idan ya shiga ya zaɓi hakan. Masu kasuwanci kuwa sai biya.

A nan ina so kowa ya kwantar da hankalinsa. Wannan canji bai taɓa adireshin da ke ƙarewa da gmail.com ba, wato irin wanda muka buɗe a aji. Bai taɓa tsarin kyauta na makarantu ba. To me ya sa muke karanta shi? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma abin ya ɗan taɓa mu ta wata hanya. A da ana iya ajiye hotuna ba iyaka a Google Photos, amma daga 1 ga Yuni, 2021 duk sabon hoto yana cin wuri daga gigabait 15 da aka ba kowa. Wannan 15 ɗin kuma raba ta ake yi tsakanin imel da hotuna da takardun Google Drive. Idan ta cika, saƙo ba ya shiga, ba ya fita, sai ka share wasu abubuwa ko ka sayi ƙarin wuri.

Ban ga laifin kamfani ya nemi kuɗin aikinsa ba. Saƙonninmu suna zaune ne a manyan kwamfutoci da ke shan wutar lantarki dare da rana, ga ma'aikata masu kula da su. Abin da ke damuna shi ne lokacin da ake zuwa da maganar kuɗin. Sai bayan mutum ya zuba komai nasa a ciki, ya saba, ya rarraba adireshin ga jama'a, sannan ake ce masa ya zaɓa. A lokacin tashi ya yi wuya, don haka da yawa sukan biya ko da ba su so. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma asusun kyauta aro ne: mai shi yana da ikon canza sharaɗi.

Mu yi lissafi

Kuɗin wata-wata yana da yaudarar ido, domin adadin da ake nunawa ƙarami ne. Ku lura da kalmomin nan biyu a kowace sanarwa: "kowane mutum" da "kowane wata". Ga misali. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata 5, dala 6 kowanne: 5 sau 6 ya ba da dala 30 a wata. Shekara wata 12 ce, 30 sau 12 ya ba da dala 360. A shekara uku ya zama dala 1,080. Wanda ya tsaya a kan 6 kawai bai ga nauyin da ya ɗauka ba.

Wannan bai nufin biya asara ce. Mai sana'ar da abokan cinikinsa suka san shi da adireshi ɗaya, rasa adireshin zai fi masa tsada. Amma sau da yawa idan aka duba za a tarar da asusun ma'aikacin da ya bar aiki tuntuni, ko wanda aka buɗe ba a taɓa shiga ba. Kowanne kuɗi ne. A kwashe abin da ke ciki a rufe shi kafin a fara biya.

Abin da za ka yi tun yau

Aiki na farko shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi rainawa. Ɗauki littafinka ka rubuta duk wurin da ka taɓa ba da adireshinka: banki, Facebook, wurin aiki, makarantar yara, inda ka nemi aiki, shagon sayayya na intanet. Dalili shi ne, idan ka manta kalmar sirrin ɗaya daga cikinsu, ta imel za su aiko maka hanyar sake ta. Imel ɗin ne mabuɗin sauran ƙofofi. Ranar da ya rufu, ba saƙonni kaɗai ka rasa ba. Wanda yake da wannan jeri a hannu, idan tashi ya kama shi zai bi ɗaya bayan ɗaya ya canza. Wanda ba shi da shi sai ya riƙa tunawa bayan ƙofa ta riga ta rufe. Kada ka rubuta kalmar sirri a wannan shafi, sunayen wuraren kawai.

Na biyu, ka mallaki kwafin kayanka. Google yana da shafi mai suna Google Takeout. Ka shiga da asusunka, ka zaɓi abin da kake so, kamar saƙonni, lambobin mutane, hotuna da takardu, sai ka danna a haɗa maka. Idan kayan suna da yawa yakan ɗauki awoyi, wani lokaci kwanaki. Za a aiko maka saƙo idan ya kammala, kuma kana da kamar mako guda ka sauke kafin hanyar ta rufe. Ka ajiye a kwamfuta ko filashi. Sauke kaya masu nauyi yana cin data sosai, don haka idan ba ka da hali, fara da lambobin mutane da muhimman takardu, su ba su da nauyi.

Na uku, ka saka lambar wayarka da wani adireshi na biyu a cikin asusun, don a iya dawo maka da shi idan ka rasa hanyar shiga. Kuma ka riƙa leƙawa. Tun Disambar 2023 Google na iya share asusun mutum da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

Ga masu adireshi da sunan kamfaninsu akwai wani sauƙi. Sunan da ke bayan alamar @ naka ne muddin kana sabunta rajistarsa, yawanci duk shekara. Za ka iya ɗauke shi ka kai wa wani kamfanin imel, adireshinka bai canza ba. Ka tabbatar rajistar da sunanka take, ba da sunan wanda ya taimaka maka buɗewa ba.

Hattara da 'yan damfara

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, macuta sukan aika saƙon ƙarya: "Za a rufe asusunka cikin awa 24, danna nan ka biya." Gaggawar ita ce alama ta farko. Sanarwar 2022 ta ba da watanni, ba awoyi ba. Kada ka danna komai a cikin irin wannan saƙo, kada ka rubuta kalmar sirri ko lambar katin bankinka. Rufe saƙon, ka buɗe manhajar da kanka, ka duba cikin asusunka. Idan da gaske akwai canji, a can za ka gan shi.

Aikin aji

1. A wace shekara aka daina karɓar sababbin masu rajistar kyauta, kuma a wace shekara aka nemi tsofaffi su biya?
2. Ƙungiya mai mutum 8 za ta biya dala 6 ga kowane mutum a wata. Nawa za ta biya a shekara? Idan ta rufe asusu 2 da ba a amfani da su, nawa ta rage?
3. Buɗe wayarka ka duba gigabait nawa ka ci daga cikin 15. Rubuta adadin da kwanan watan yau.

Aikin gida: rubuta wurare biyar da ka ba adireshinka, ka sa alama a gaban wanda rasa shi zai fi cutar da kai. Ku zo da littattafanku mako mai zuwa, da su za mu koyi yadda ake canza adireshi a kowane wuri.