Kurakuran da aka fi yi wajen saita furosesa a VirtualBox, QEMU da Proxmox

Kusan kowace Asabar sai wani daga cikin matasanmu na nan Jidda ya shigo shagona rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka da ya sayo a kasuwar gwanjo. Kukan ɗaya ne: "Yaya, na ɗora VirtualBox zan koyi Linux, ya ƙi tashi," ko kuma ya tashi yana jan ƙafa. Kafin ya zauna ya riga ya yanke hukunci cewa kwamfutar ta tsufa, alhali sau da yawa ba ta da laifi. VirtualBox, QEMU da Proxmox manhajoji ne da ake gina wata kwamfuta da su a cikin kwamfutar gaske. Masu wannan sana'a suna kiran kwamfutar gaske mai masauki, wadda aka gina a cikinta kuma baƙo. Sunan ya dace, domin baƙo makahon gari ne, abin da aka nuna masa na furosesa shi kaɗai yake gani.

Kuskuren farko yana cikin BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ko Linux ya tashi. Intel ta fito da VT-x, damar da ke barin baƙo ya yi aiki kai tsaye da furosesa, tun 2005, AMD ta biyo da AMD-V a 2006, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan damar a kashe. A Windows ka buɗe Task Manager, ka duba shafin furosesa, zai nuna maka ko tana kunne. A Linux ka duba ko akwai /dev/kvm. In babu, shiga BIOS ka nemi Intel Virtualization Technology, ko SVM Mode idan AMD ce. Kada ka rikita shi da VT-d, wannan na miƙa wa baƙo kayan aiki irin su katin netwok ne.

Wani kuma ya kunna komai daidai, amma a ƙasan tagar VirtualBox sai ya ga hoton koren kunkuru. Ma'anarsa Hyper-V, manhajar gina baƙi ta Windows kansa, ya riga ya riƙe VT-x, VirtualBox yana raɓe ne a bayansa. WSL2, mai tafiyar da Linux a cikin Windows, da tsaron nan na Memory integrity su ke tayar da shi ba tare da ka sani ba. Umarnin bcdedit /set hypervisorlaunchtype off yana kwantar da shi bayan ka sake tayar da kwamfutar, sai dai WSL2 zai daina aiki. Shawarata, idan kwamfutar ta wurin aikinka ce, ka bar tsaronta yadda ka same shi, ka yi amfani da Hyper-V ɗin kansa.

Wanda ya fi cin lokacin mutane shi ne irin furosesar da ake nuna wa baƙo. In ka kira QEMU ba tare da -accel kvm ba, wato zaɓin da ke sa shi amfani da VT-x ko AMD-V a Linux, zai riƙa fassara kowane umarni da manhaja, abin da ake kira TCG, shi ya sa yake tafiyar hawainiya. Ko ka sa kvm ɗin, in ba ka zaɓi furosesa ba zai ba baƙo qemu64, wadda ba ta da rukunin umarnin furosesa na SSE4.2, balle na AVX. Tun da Red Hat 9 ta fito a 2022, ita da Rocky da AlmaLinux 9, duka nau'o'in Linux, ba sa tashi sai furosesa ta kai matakin x86-64-v2, wanda ya haɗa da SSE4.2. Wani ƙanena sau uku yana sake sauke faifan Rocky, yana ƙona datarsa, yana zaton faifan ne ya lalace. Da na karanta allon, ƙarara aka rubuta cewa furosesa ba ta ɗaukar x86-64-v2. Muka ƙara -cpu host, wato a nuna wa baƙo furosesar mai masauki yadda take, nan take ya tashi. Abin ya ba ni tausayi, don har ya fara tara kuɗin sayen wata kwamfutar.

Masu Proxmox su lura: kafin sigar 8 ta 2023 kvm64 ce zaɓin asali, daga nan aka koma x86-64-v2-AES, amma baƙin da aka gina kafin nan suna nan da tsohuwar. Ita ma sabuwar ba ta da AVX, kuma MongoDB daga 5.0 ba ya aiki sai da shi, mutuwa yake yi da saƙon Illegal instruction. Bayan ka canza irin furosesa, kashe baƙon gaba ɗaya sannan ka kunna. Sake tayar da shi daga ciki ba ya ɗaukar canjin.

To amma host ba maganin kowace cuta ba ne. Mai masauki ba ya ba da abin da ba shi da shi. AVX ya zo da Sandy Bridge a 2011, AVX2 da Haswell a 2013, kuma Celeron da yawa ba su da ko ɗaya, don haka ka duba da umarnin lscpu na Linux kafin ka biya kuɗin gwanjo. Sannan idan kana da sabar biyu masu furosesa daban, kana son ƙaurar da baƙo daga wannan zuwa waccan yana cikin aiki, host zai iya kayar da shi. A nan sai ka zaɓi irin da duka biyun suke ɗauka, wato na wadda ta fi tsufa.

Masu karatun netwok da EVE-NG ko GNS3 baƙo ne a cikin baƙo suke ginawa, dole a miƙa VT-x zuwa ciki. VirtualBox ya fara yi wa AMD wannan a sigar 6.0, Intel kuma a 6.1. In akwatin zaɓin ya ƙi dannuwa, kashe baƙon ka rubuta VBoxManage modifyvm, sunan baƙon, sannan --nested-hw-virt on.

Kada kuma ka kwashe duk ƙwayoyin furosesa ka ba baƙo. In huɗu gare ka, ba shi biyu, ka bar wa mai masauki na numfashi, musamman a zafin Jidda da fanka ke ihu tun hantsi. Mai MacBook na M1 zuwa sama kuwa, furosesarsa ARM ce, sai ya sauke faifan Linux mai alamar arm64 ko aarch64.