Yadda Ake Koyon Jita Da Kunne

Mai koyon jita don sha'awa yakan maƙale a wuri ɗaya. Ya haddace kamun yatsu uku ko huɗu daga bidiyo, amma da zarar an sa masa waƙar da ba a nuna masa ba, sai ya rasa ta inda zai ɓullo mata. Abin da ya rage masa shi ne horar da kunne, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗan garaya da gurmi da kuntigi a gefen iyayen gidansu suka koya, suna ji suna kwaikwayo. Haka yawancin masu jitar Agadas suka taso. Mdou Moctar ma, makaɗin jita ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kunnen da ke gane abin da kalangu yake faɗa ya riga ya san hawa da saukar sauti, saura kawai a haɗa shi da yatsu.

Fara da saita jitar, domin idan ba ta kan saiti kunnenka ƙarya zai koya. Tsirkiyoyi shida ne, daga mafi kauri zuwa mafi siranta: E, A, D, G, B, E. Saita mai kaurin da manhajar waya, sauran kuma ka yi da kunne. Danna ta a gaɓa ta 5 (gaɓoɓi su ne rabe-raben da ke wuyan jita, ana ƙirga su daga kanta), ka kaɗa ta tare da mai bi mata a sake, wato ba tare da danna ta ba. Idan ba su daidaita ba za ka ji sautin yana kaɗawa, wo-wo-wo. Riƙa murɗa makullin mai bi matan a hankali, kaɗawar za ta yi ta raguwa har ta ɗauke, sautin biyu su zama ɗaya. Haka za ka bi sauran, sai dai tsirkiyar G a gaɓa ta 4 ake danna ta don a sami B. Kada ka raina wannan aiki, shi ne darasin kunne na farko.

Daga nan zaɓi waƙar da ka sani ciki da waje, mai tafiya a hankali. Gutsuri yanki kaɗan, kamar layin farko na amshi, wanda bai wuce daƙiƙa 10 ba.

Yanzu ajiye jitar. A nan ne mutane da yawa suke gaggawa, su kama lalube a wuyan jita alhali waƙar tana tafiya, su gaji ba su sami komai ba. Saurari yankin sau da yawa, ka tsayar, ka rera shi da bakinka. Ba sai kana da murya mai daɗi ba, gunguni ma ya isa. Abin da bakinka ya kasa maimaitawa, yatsunka ba za su same shi ba, don bai zauna a kanka ba tukuna. Idan ka rera ka ji ya kauce, koma ka sake ji.

Sai ka ɗauki jitar ka nemi sautin farko kaɗai, a kan tsirkiya ɗaya. Ja shi da bakinka ka riƙe, ka danna kowace gaɓa, ka tambayi kanka: na jitar ya fi nawa kauri ko siranta? In ya fi kauri, matsa wajen cikin jitar. In ya fi siranta, koma wajen kanta. Gaɓa ta 12 tana maimaita sautin tsirkiyar a sake, sai dai ya fi sama, saboda haka duk abin da kake nema yana cikin waɗannan gaɓoɓi. Da ka sami na farko, na biyu ya zo da sauƙi, don tambayar ta zama: hawa aka yi ko sauka, kuma da nisa ko kusa?

Bayan ka haɗa sautuka kaɗan, nemi wanda waƙar take komawa ta huta a kansa, galibi a ƙarshen amshi. Shi ne gida. Yawancin kiɗan yankinmu, daga ƙasar Hausa zuwa Agadas da arewacin Mali, a kan sautuka biyar yake yawo. Idan gida ya faɗa a tsirkiya a sake, gwada gaɓa ta 3, 5, 7, 10 da 12. In ba su shiga ba, gwada 2, 4, 7, 9 da 12. Sau da yawa ɗaya daga cikin jerin nan biyu zai ba ka karin waƙar gaba ɗaya.

Kamun sautuka da yawa a lokaci guda, wanda makaɗa ke kira kod, shi ne na baya. Sa abin ji na kunne, don lasifikar waya tana haɗiye sauti mai kauri, alhali galibi shi ne yake nuna maka sunan kod ɗin. In ka ji sautin G a ƙasa, kama kod ɗin G. Waƙar da gidanta G ne takan zagaya tsakanin G, C, D da Em (wato E minor). Salon Agadas kuwa yakan daɗe a kan kod ɗaya ko biyu, babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri, sauran suna yi wa karin ado. A irin wannan, tafa kiɗan da hannu kafin ka kaɗa, domin daɗinsa a bugun yake.

Wurin da ya yi maka sauri, rage gudunsa a YouTube zuwa 0.75 ko 0.5, sautin ba zai canza ba. In kuwa kowane sauti yana faɗawa tsakanin gaɓa biyu, ba laifin kunnenka ba ne, jitar mai waƙar ce aka saita sama ko ƙasa kaɗan. Murɗa taka ta bi tasa.

Minti 20 a kullum ya fi awa uku a ranar hutu, kuma kan yatsunka zai yi zafi na 'yan makonni kafin ya yi kanta. Duk yankin da ka gama, ɗauki kanka a waya ka saurara gefe da gefe da na asali, inda ya bambanta ka gyara shi kafin ka wuce layi na gaba.