Rubrobacter: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Duk mai duba takardun ɗaliban kimiyyar ƙananan halittu a nan Kebbi ya san inda ake zubar da maki idan an zo kan Rubrobacter, wani jinsin bakteriya. Mafi yawan ɓarnar daga haɗa shi da Deinococcus, wani jinsin bakteriyar daban, take fitowa. Dukansu jajaye ne a farantin gwaji, dukansu suna riƙe launin shunayya a rinin Gram (rinin da ake bambance bakteriya da shi), kuma suna jure hasken gamma, wani tururin nukiliya mai ƙarfi, da zai hallaka mutum nan take. Sai ɗalibi ya ce ai gidansu ɗaya. To, kama da wane ba ta wane. Deinococcus radiodurans, wanda aka gano a 1956 cikin naman gwangwani a Oregon ta Amurka, yana cikin babban rukunin Deinococcota. Shi kuwa Rubrobacter ɗan Actinomycetota ne, dangin Streptomyces da Mycobacterium, kuma DNA ɗinsa cike yake da G da C, biyu daga cikin haruffa huɗu na DNA. Gyaran shi ne ka daina rarraba bakteriya da launi ko taurin rai, ka dubi jerin 16S rRNA, ƙwayar gadon da ake gane dangantakar bakteriya da ita. Masana ma sun taɓa ajiye shi a gidan da ba nasa ba. A 1973, da aka samo shi a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Misasa a Japan, wadda ke fitar da tururin nukiliya, Arthrobacter radiotolerans aka kira shi, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka yanka masa jinsin kansa.

Sai batun zafi. Hannu ya saba da digiri 37, don haka ko a rubutun furojet, wurin da ake bayanin inkubeta, akwatin ɗumin da ake renon bakteriya, 37 za ka gani. Wannan zafin jikin mutum ne, ya dace da irin su E. coli. Rubrobacter radiotolerans ya fi sakewa a wajen digiri 45 zuwa 48. R. xylanophilus, da aka bayyana a 1996 daga ruwan zafin wata masana'anta a Ingila, da R. taiwanensis na Taiwan a 2004, sai kusan digiri 60. Ranar Afrilu a Birnin Kebbi, wadda ke haura 40 har ta kori 'yan kabu-kabu zuwa gindin dogon yaro, ga waɗannan biyun sanyi-sanyi ce. Amma kada a zarce: ba kowane ɗan jinsin ne mai son zafi ba, akwai waɗanda aka samo a bangon tsofaffin gine-ginen Turai. Rubuta sunan nau'in tare da zafinsa.

Wasu kuma su ce Rubrobacter yana tsira ne ta hanyar shiga kwanson kariya kamar bakteriyar Bacillus. Ba ya yi. Ba ya motsi, kuma sai da iskar oksijin yake rayuwa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne cewa tururin nukiliyar Misasa ne ya koya masa juriya. Babu wata maɓuɓɓuga da tururinta ya kai ƙarfin abin da ake harba masa a ɗakin gwaji. Bayanin da ya fi karɓuwa, daga binciken da aka yi kan Deinococcus, shi ne bushewa: ita ma tana kakkarya DNA kamar gamma, halittar da ta iya ɗinke ɓarnar bushewa sai ta iya ɗinke ta gamma. A takardarka ka gabatar da wannan a matsayin hasashe mai ƙarfi, ka kuma nuna cewa daga Deinococcus hujjar ta fito.