Yadda ake gano ma'ana da asalin kalmar "frank" ta Turanci

Fara da ma'anarta ta yau, tarihi ya jira. Frank shi ne mai faɗin abin da ke ransa ba rufa-rufa. In Bature ya ce maka "to be frank", shirya, maganar da ba lallai ta yi maka daɗi ba ce ke tafe.

Sai ka buɗe ƙamus mai nuna asalin kalma. Kada ka ɓata kuɗi kan babban Oxford English Dictionary tun yanzu. Merriam-Webster da Etymonline kyauta suke a intanet.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne layin asali. Daga sabo zuwa tsoho ake jera shi, don haka ka faro daga ƙarshensa ka dawo. Tushen sunan ƙabila ne, Farankawa, Jamusawan da suka mamaye ƙasar Gol, wato yankin Faransa ta yau; sarkinsu Clovis ya ci yaƙin Soissons a shekarar 486. Da yake su ne masu mulki, su ke da cikakken 'yanci, sai francus a Latin na tsakiyar zamani ya koma nufin ɗa, kishiyar bawa. Tsohon Faransanci ya mai da shi franc, Turanci ya ara wajajen 1300 da wannan ma'ana. Sai a ƙarni na 16 ta zama mai magana ba tare da tsoro ba, domin ɗa ne ke iya buɗe baki gaban kowa. Babban Oxford tsohuwar ma'ana yake sawa a farko, shi ya sa ɗalibi zai kwafi "mai 'yanci" ya kai wa malami, alhali yau ba mai amfani da ita haka. Duba shekarar da ke gefen kowace ma'ana kafin ka kwafa. Daga wannan tushe ne kuma aka samu sunan Faransa, da franc na kuɗin sefa da ake kashewa a Nijar.

Daga nan gwada ta da 'yan uwanta. Blunt ana faɗinta ga wuƙa marar kaifi, tana ɗauke da gatsali, kada ka yabi shugabanka da ita. Candid daga candidus take, wato fari a Latin, ta fi laushi. A wasiƙar aiki frank ko candid za ka sa.