Marsandi 300 SL: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓe Tsakanin Gullwing da Roadster

Masu tara tsofaffin motoci da dama, da zarar sun ga ƙofofin Gullwing, wato samfurin 300 SL mai rufi, sun ɗaga sama kamar fukafukai, shi ke nan ciniki ya faɗa. Alhali ba don ado aka yi ƙofar haka ba. Ƙashin motar na siraran bututun ƙarfe ne da suka taso sama ta gefe, har babu wurin sa ƙofa irin wadda aka saba. Shi ya sa gilashin taga ba ya sauka, cikin motar kuma ya ɗauki zafi. Wajen shiga sai ka tsallaka gefen, ka lanƙwasa sitiyari ƙasa, sannan gwiwa ta samu hanya. In tuƙa ta za ka riƙa yi, ka gwada ta da tsakar rana kafin ka biya.

Wasu kuma suna raina Roadster, wai Gullwing ce kawai aka cire wa rufi. Ba haka ba ne. An ƙera Gullwing 1,400 daga 1954 zuwa 1957, Roadster kuma 1,858 daga 1957 zuwa 1963, kuma a wannan ta biyun ce aka gyara ƙafar baya. Gullwing, in ka shiga kwana da gudu ka ɗaga ƙafa daga totur, bayanta na iya kwacewa ta juya da kai. Roadster ta fi nauyi, amma ta fi zama daram a kan titi. Ni a ganina, ga mai son tuƙi, ita ce motar.

Sannan kada a yi wa kowane samfuri kuɗin goro. A 1961 Roadster ta samu birkin faifai, a 1962 ta samu inji mai gangar alminiyam, waɗannan na ƙarshe kuwa sun fi daraja a kasuwa. Cikin Gullwing, 29 kacal aka yi wa jikin alminiyam gaba ɗaya. Ɗaya daga ciki ta kai dala miliyan 6.8 a gwanjo a jihar Arizona ta Amurka a 2022. Wanda ya auna ta ƙarfe da wannan farashi zai sha tsada.

Fenti mai ƙyalli shi ma yana rufe ido. Nemi takardar bayanan motar daga masana'anta, ka gwada lambar inji da ta ƙashin mota da launin asali. Injin da aka musanya yana karya farashi. Zaro sandar duba mai ka shinshina: famfon fetur ƙirar kamfanin Bosch na waɗannan motoci kan tura fetur cikin baƙin mai, musamman in gajerun tafiye-tafiye aka riƙa yi da su. In ka ji warin fetur, sa bakanike ya auna ƙarfin silinda.

Kada kuma a haɗa ka da 190 SL, wadda wata Marsandi ce daban. Tana kama da Roadster a ido, amma silinda huɗu gare ta, 300 SL kuwa shida.